Yadda Ake Haɗa Mudu Ɗaya Na Auna Furotin Tsakanin Ɗakunan Gwaji A Jos

Wata ranar Laraba wani likita ya shigo ɗakin gwajinmu riƙe da takardu biyu. Duka na dattijo ɗaya ne mai kumburin ƙafa, an ɗibi jininsa kwana biyu tsakani. Takardarmu ta ce albumin ɗinsa, wato furotin da ya fi yawa a ruwan jini, gram 26 ne a lita, ta wani ɗakin gwaji a can gefen gari ta ce 32. Ya aje su a kan tebur ya ce, "Malam, wanne zan ɗauka? Baba yana kwance, 'ya'yansa sun biya kuɗi sau biyu." Ban iya ba shi amsa nan take ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Da muka bi diddigi, sai muka tarar ba wanda ya yi ganganci. Wajen auna albumin, mu muna amfani da rinin da ake kira BCP, su suna amfani da wani rinin, BCG, kuma kowannenmu da abin da yake saita na'urarsa da shi.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Katako ya san zancen. Mudun wannan ba na wancan ba ne, wani an bubbuga gindinsa, wani bakinsa ya buɗe. Kowa zai rantse maka ya cika mudu, kuma gaskiya ya faɗa. Gardamar ba ta ƙarewa sai an kawo ma'aunin da kowa ya yarda da shi. A aikinmu wannan ma'aunin shi ne samfurin da aka riga aka san adadin furotin da ke cikinsa, da takardar shaida a kai. Zan kira shi mudun asali. Ga yadda ɗakuna huɗu ko biyar za su haɗa kai su yi awo da mudu guda, ba tare da sun kashe abin da ba su da shi ba.

Da farko, ku zauna ku faɗi abin da kuke aunawa

Kafin a sayi komai, kowane ɗaki ya rubuta a takarda: wane furotin yake aunawa, a cikin me, da wace hanya, da riyejen, wato sinadarin gwaji, na wane kamfani. Jimillar furotin a ruwan jini daban, albumin daban, furotin na fitsari ko na ruwan laka kuma wani abu ne daban.

Hanyar ita ce ke zaɓar mudu. Hanyar Bayuret, wadda ake karanta launinta a na'urar auna haske a zangon nanomita 540 ko kusa da haka, tana kama mahaɗan da ke jikin kowane furotin, saboda haka ba ta cika nuna wariya ba, ita ce ta jimillar furotin a jini. Hanyar Bradford ta 1976, da ake karantawa a 595, rini ne ke manne wa furotin, kuma ya fi son wasu a kan wasu: albumin na saniya yana ba shi launi fiye da gama-gulobulin, wani furotin na jini, ko da nauyinsu ɗaya. Hanyar Lowry ta 1951 da ta BCA ta 1985, wadda ake karantawa a 562, su ma kowacce da halinta. Idan ɗaki ɗaya ya saita Bradford da albumin, ɗaya kuma da gulobulin, ko shekara suka yi suna maimaitawa lambobinsu ba za su haɗu ba.

A kan albumin kuwa, BCG yana ɗan kama wasu gulobulin, shi ya sa yake ɗaga lamba, musamman ga majiyyacin da albumin ɗinsa ya yi ƙasa, wato daidai mutumin da likita ya fi buƙatar gaskiyar lambarsa. BCP ya fi tsayawa a kan albumin, amma ba ya kama na dabba yadda yake kama na mutum. Kada ka saita BCP da albumin na saniya.

Samo mudun asali, ka karanta takardarsa

Mudun yana da hawa-hawa. A sama akwai wanda manyan cibiyoyin awo suka tabbatar. Cibiyar NIST ta Amurka tana fitar da SRM 927, ruwan albumin na saniya mai kusan gram 70 a lita, wanda ake saita awon jimillar furotin da shi. Kowane sabon rukuni ana ƙara masa harafi a ƙarshen lambar, kuma adadinsa yana ɗan bambanta da na baya, don haka lambar da ke kan takardar kwalbarka ita ce taka, ba wadda ka haddace ba. Ga furotin na jinin ɗan Adam ɗai-ɗai, irin su albumin da IgG da IgA da IgM da tiransferin, akwai ERM-DA470k/IFCC, wanda ke fitowa daga cibiyar Tarayyar Turai da ke garin Geel a Beljiyam. Ya fito a 2008, ya gaji CRM 470 na 1993. Akwai kuma ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda cibiyar NIBSC ta Ingila take ajiyewa ta rarraba yawancinsu. Kwamitin JCTLM na duniya mai kula da asalin ma'aunan gwajin asibiti, wanda aka kafa a 2002, yana da rumbun bayanai a intanet kyauta, inda za ka duba ko mudun da ake tallata maka yana cikin waɗanda aka amince da su.

A ƙasa da waɗannan akwai kalibireta, wato ruwan saita na'ura, da ke zuwa da riyejen. Buɗe 'yar takardar da ke cikin kwalin, wadda galibi ake jefarwa, ka nemi inda kamfanin ya faɗi da wane mudun asali ya saita nasa. Idan ya ambaci SRM 927 ko ERM-DA470k, ka samu igiyar da ta haɗa ka da sama. Idan bai ce komai ba, ka tambayi dillalin a rubuce. Ni dai riyejen da ba a san asalin mudunsa ba, ba na sayensa ko da ya fi araha.

Kuɗin mudun asali da dala ko yuro ake biya, ga kuɗin jigila cikin sanyi. Ɗaki guda zai ji nauyinsa. Ku yi karo-karo ku sayi kwali ɗaya, domin ba kullum za a buɗe shi ba, aikinsa shi ne ya tabbatar da mudun gida da za ku haɗa. A takardar ku duba adadin da aka tabbatar, da iyakar shakkun da ke biye da shi, da ranar ƙarewa, da yadda ake ajiya, da yadda ake jiƙa shi idan busasshe ne. Ku bi umarnin jiƙawar harafi da harafi, inda aka ce a auna ruwan a sikeli, a auna a sikeli.

Gyara hannu kafin a taɓa kwalba mai tsada

Mudu mai kyau a hannun fifet, wato bututun ɗibar ruwa daidai awo, marar saiti asarar kuɗi ce. Ɗauki fifet ɗin maikurolita 1000, ka ɗebi tataccen ruwa ka zuba a ƙaramin mazubi a kan sikeli mai karanta lamba huɗu bayan ɗigo, sau goma, kana rubutawa. A zafin ɗaki, mililita ɗaya ta ruwa tana da nauyin gram 0.997 zuwa 0.998. Ƙa'idar ISO 8655 ta yarda matsakaicin awon fifet na wannan girman ya kauce da maikurolita 8 sama ko ƙasa, ba fiye ba. Wanda ya wuce haka a ware shi sai an gyara.

A nan Jos akwai abin lura. Lokacin hunturu iska ta bushe ƙarau, ɗigon ruwa yana raguwa a kan sikeli kana kallo. Ka rufe ƙofar sikelin, ka aje ɗan kofin ruwa a ciki don ya jiƙa iskar, ka karanta da sauri. Sanyin asuba na Disamba da Janairu kuma yana rage saurin fitar launi, don haka idan takardar riyejen ta ce a jira minti kaza a digiri 37, ko a 20 zuwa 25, ka sa ma'aunin zafi ka gani da idonka. Ita kuma na'urar auna haske a kunna ta ta ɗumama kamar rabin awa kafin a fara.

Haɗa ruwan albumin na aiki

Wannan na masu bincike ne da ɗalibai, masu Bradford da BCA, waɗanda suka saba ɗebo garin albumin na saniya su auna su narkar. A nan ne aka fi yin ɓarna cikin rashin sani. Garin yana shan danshi, da damina kuwa abin ya fi muni. Idan ka auna miligiram 100, wani kaso na nauyin ruwa ne da gishiri.

Ka narkar da garin a hankali, kada ka girgiza har ya yi kumfa. Ka sirka shi zuwa abin da kake zaton miligiram 1 ne a mililita, ka zuba a kiyubet, wato ɗan mazubin na'urar auna haske, na dutsen kwaz mai faɗin santimita 1, domin roba ta yau da kullum da gilas suna tare hasken wannan zangon, ka karanta a nanomita 280. Albumin na saniya mai miligiram 1 a mililita yana ba da kusan 0.667. A ce naka ya ba da 0.610. Raba 0.610 da 0.667, ka samu 0.915. Ke nan ruwanka miligiram 0.915 ne, kuma da ka yi aiki da shi a matsayin 1, duk sakamakonka zai hau da kusan kashi 9 cikin ɗari, har a rubuta shi a kundin digiri. Lambar da haske ya ba ka ita za ka rubuta a jikin kwalbar. In kuna da SRM 927, ku sirka shi daidai wannan ƙarfin, ku gwada su gefe da gefe.

Daga ruwa mai miligiram 2 a mililita, ga yadda za ka jera matakalar sirki da za ka saita awonka da ita, kowacce mililita ɗaya: maikurolita 500 da ruwan sirki 500 ya ba ka 1.0, 375 da 625 ya ba ka 0.75, 250 da 750 ya ba ka 0.5, 125 da 875 ya ba ka 0.25, 50 da 950 ya ba ka 0.1, sai kwalbar da babu furotin ko kaɗan. Kowace matakala a ɗebo ta kai tsaye daga uwar kwalba, domin in kana sirka wannan daga wancan, kuskuren farko zai bi su duka. Ruwan sirkin ya zama irin wanda samfurinka yake ciki: sabulun lab irin SDS yana rikita Bradford, sinadarai irin DTT suna rikita BCA. Kuma layin Bradford yana lanƙwasa a sama, kada ka tilasta masa miƙewa. Samfurin da ya wuce matakalar ƙarshe a sirka shi a sake.

Mudun gida: tara ruwan jini wuri ɗaya

Wannan shi ne zuciyar aikin ga ɗakunan asibiti, kuma shi na fi ba muhimmanci. Kwantirol ɗin kanti, wato samfurin da ake duba na'ura da shi kullum, wanda aka busar aka ƙara masa sinadaran adanawa, wani lokaci ba ya nuna halin jinin majiyyaci. Zai iya nuna ɗakuna biyu sun yi daidai alhali a kan jinin mutane sun saɓa, ko ya nuna saɓanin da babu shi. Ruwan jinin mutane da aka daskarar ba tare da an taɓa shi ba ya fi faɗin gaskiya.

Ku nemi izinin hukumar asibiti a rubuce tukuna. Sannan a riƙa tara ragowar ruwan jinin da aka gama aiki da shi, a cire suna da lamba. A bar duk wanda ya yi ja saboda fashewar ƙwayoyin jini, da mai fari kamar madara saboda maiƙo, da mai rawayar shawara, da wanda aka san yana da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B ko C. Duk da haka a riƙe tarin kamar mai cuta, da safar hannu. Ku yi tari biyu: na masu lafiya, wanda jimillar furotin ɗinsa za ta faɗo tsakanin gram 60 da 80 a lita, albumin tsakanin 35 da 50, da na masu ƙarancin albumin, ƙasa da 30. Kada a samar da na biyun ta hanyar zuba wa na farko ruwa, a tara shi daga majiyyata. Irin matsalar Baba a tari na biyu take fitowa.

Kullum a zuba na ranar a firiza. Idan kowane tari ya kai kamar mililita 150, a narkar da shi gaba ɗaya a firji, a haɗa a kwalba guda, a juya a hankali na tsawon rabin awa, a wana shi a na'urar juyi don dattin ya kwanta, a tace. Sannan a rarraba rabin mililita a ƙananan kwalabe masu murfin murɗawa, ana ci gaba da juya uwar kwalbar har a gama. Za ku samu wajen kwalabe 300. A rubuta lambar tari da kwanan wata da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa.

Kafin a raba wa kowa, a tsinci kwalabe goma daga farko da tsakiya da ƙarshen zubi, a auna kowacce sau biyu a zama ɗaya. Idan bambancin da ke tsakanin kwalabe bai wuce wanda ke tsakanin awo biyu na kwalba ɗaya ba, tarin ya gauraya.

Ajiya ita ce inda wuta take karya mu. Digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili ya fi, 20 ƙasa da sifili zai riƙe na wasu watanni in bai narke ba. Firiza mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba. A ajiye kaso mafi yawa a ɗakin da ke da sola ko janareta mai tsayuwa. Ga dabarar da muke yi: a cika kwalba rabi da ruwa mai launi, a daskarar da ita a kwance, sannan a tsayar da ita a cikin kwalin. Ranar Litinin in ka tarar ruwan ya sauko ya kwanta a gindi, firizar ta narke a ƙarshen mako ko da yanzu ta sake daskarewa. Kwalbar da aka narkar sau ɗaya ba ta komawa firiza. Kuma in ta narke, furotin yana taruwa a ƙasa, ruwa-ruwan yana sama, sai an kifa ta an tayar kamar sau goma kafin a ɗiba. Na ga sabon ma'aikaci ya tsoma fifet a saman kwalba bai juya ba, ya samu lamba ƙasa ƙwarai, har ya fara zargin na'ura.

Ba wa mudun gida lambarsa

Yanzu ne ake buɗe kwalbar mai tsada. A ɗakin da fifet da na'urarsa suka fi natsuwa, a auna mudun asali da tarin nan biyu a zama ɗaya, kowanne sau uku, a maimaita kwana uku zuwa biyar gwargwadon yadda takardar ta yarda a ajiye shi bayan buɗewa. Misali, takardar ERM-DA470k ta ba albumin gram 37.2 a lita. In na'urarku tana ba shi 37.0 ko 37.6, kuna cikin iyaka, lambar da kuka samu a kan tarin abin dogaro ce. In tana ba shi 40, kada ku yi lissafin ragewa ku wuce. Ku tsaya ku nemo dalili: kalibireta ce ta tsufa, ko jiƙawa, ko fitilar na'ura. Idan a cikinku akwai masu BCG da masu BCP, a ba wa tarin lamba biyu, kowace hanya da tata, a kuma riƙa rubuta sunan hanyar a takardar sakamako don likita ya sani.

Daga nan kowane ɗaki ya auna kwalba ɗaya kullum har kwana 20, ya fitar da matsakaici da gwargwadon warwatsuwa, wato SD, ya zana jadawalin Levey da Jennings, wanda ake ɗiga sakamakon kowace rana a kai, ya manna a bango kusa da na'ura. Daga ƙa'idojin Westgard na 1981 na karanta wannan jadawali, uku sun isa a fara da su: ɗigo ɗaya ya wuce SD uku, a tsayar da aiki, biyu a jere sun wuce SD biyu a gefe guda, a tsayar, goma a jere sun kwanta a gefe ɗaya na matsakaici, wani abu yana jan na'urar sannu a hankali.

Zagayen gwada juna

Duk wata uku, mutum ɗaya da kuka amince da shi ya shirya kwalabe marasa suna, ya aika wa kowane ɗaki a kula mai ƙanƙara. Daga Bukuru ko Vom zuwa cikin gari tafiyar ba ta da nisa, amma kada a bar kular a bayan Keke Napep cikin rana. Kowa ya auna a rana ɗaya, a cikin jerin majiyyata, da hannun wanda ke bakin aiki a ranar. In aka kira oga ya auna sau biyar ya zaɓi mai kyau, an ɓata zagayen.

Lissafin mai sauƙi ne. A cire lambar tarin daga sakamakon ɗaki, a raba da warwatsuwar da kuka amince tun farko. A ce lambar tarin 34.0 ce, warwatsuwar 1.2. Ɗakin da ya samu 34.6 yana da 0.5, lafiya lau. Wanda ya samu 38.2 yana da 3.5. Ko sama ɗakin ya kauce ko ƙasa, abin da aka saba shi ne 2 zuwa ƙasa ya yi, tsakanin 2 da 3 a sa ido, 3 zuwa sama a bincika. A ba kowane ɗaki harafi maimakon suna, saboda ranar da abin ya zama tonon silili, mutane za su fara gyara lamba kafin su aiko. Wannan zagaye na gida ba ya maye gurbin shirin tantance inganci na waje da MLSCN, hukumar kula da ɗakunan gwajin asibiti ta Najeriya, take gudanarwa, kuma duk mai neman shaidar ingancin ɗakin gwaji ta ISO 15189 za a tambaye shi takardun irin wannan aiki.

Masu auna furotin a abincin kaji da madara, waɗanda Filato ke da su da yawa, tsarin ɗaya ne, mudun ne ya bambanta. Hanyar Kjeldahl ta 1883 naitirojin take aunawa, sannan a ninka da 6.25, ko 6.38 ga madara. Shi ya sa a 2008 masu zuba melamin a madara a Sin suka yaudari gwajin, domin kusan kashi biyu cikin uku na nauyin melamin naitirojin ne. A hanyar Kjeldahl ana dafa samfuri a asid sannan a turara shi: ku gwada matakin turarawa da amoniyam salfet, mai naitirojin kashi 21.2 cikin ɗari, ku gwada matakin dafawa da asetanilaid, mai kashi 10.36. Tarinku kuma ya zama garin waken suya ko masara da aka niƙa lukui aka gauraya aka rufe a kwalabe, a riƙa auna danshinsa tare da furotin.

Ranar da rukuni ya canza

Sabon kwalin riyejen ko kalibireta ya iso, kada a jira tsohon ya ƙare ƙaf. A auna tarin biyu da jinin majiyyata kamar goma da tsoho da sabo a rana ɗaya, a rubuta lambar rukunin kowanne a littafi tare da sunan wanda ya yi awon. Haka ma idan kwalaben tarin suka ragu zuwa 40, a fara tara sabo, a auna su tare na kwana 20 kafin tsohon ya ƙare, domin lambar da aka ɗauko daga mudun asali ta ratsa zuwa sabon tarin ba sai an sake sayen wani kwalin daga waje ba. Bayan tari biyu ko uku, ko kuma in an sauya na'ura, a sake yin karo-karo a sayo mudun asali a tabbatar daga tushe.